Sunan Yayana a Bakin Sufeto

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gidan talabijin ya fara nuna wani wasan kwaikwayo duk Asabar bayan la'asar. Labarin wani sufeto ne da aka kawo ya gyara 'yan sandan birni. Ya rushe shingayen karɓar na goro, ya kori masu dukan mutane, kuma kowane mako sai ya je bayan kanta ya saki waɗanda aka tsare ba laifi. Ni a lokacin littattafan soyayya sun cika min kai, saboda haka gashin bakinsa nake kallo, ba gyaran ba. Har wasiƙa na rubuta masa, na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Umma kuwa ƙofar bayan kantar take kallo. Shekara uku kafin nan 'yan sanda sun kama yayana a wani shinge wajen Ƙofar Kabuga, yana dawowa daga karatu. Da Baba ya bi sawu aka ce masa, "Mun ajiye shi." Daga baya aka ce babu mai wannan suna a wurinsu. Umma ta riƙe maganar farko. A wurinta ajiya ce, kuma za a dawo mata da ita.

Wata rana ni da Umma mun fito daga dubiya a Mandawari, sai ga sufeton a wani shago zaune a kan keken ɗinki, daga shi sai singileti. Umma ta durƙusa a ƙofar shagon.

"Ranka ya daɗe, akwai yarona a wurinku."

"Hajiya, don Allah tashi. Ni tela ne. Kakin ma ni na ɗinka abina."

"Na ga ka saki mutum bakwai makon jiya."

"Abokan ɗinkina ne, da mai shayin can. Wasa ne, Hajiya."

"To ko a wasan ne, ka kira shi."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo takardar da yake rubuta awo, ya ce ta faɗi sunan.

Asabar ta biyu, muna zaune mu uku a gaban talabijin, sufeto ya tsaya a bayan kanta da takarda a hannu. Ya kira sunan yayana, da na Baba, har da unguwarmu. Daga ciki aka ce, "Na'am." Wani dogo ya fito, ƙeyarsa kaɗai aka nuna, ya bi wani lungu ya ɓace.

Baba ya tashi ya fita ko takalmi bai sa ba. Umma ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ya rame," ta ce. Ta juyo gare ni. "Tashi ki ɗora masa ruwan wanka."

Na ɗora. Ruwan ya yi zafi, ya huce, aka kira magariba. Ta leƙo madafa, ta sa yatsa a tukunyar, ta ce in ƙara itace.