Shekara Tara Babu Kunnen Istifanus

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Istifanus a Kwoi, amma har yau idan lasifikar coci ta yi ƙarar nan mai tsinka kunne, sai in waiga in ga ko zai taso daga benci.

Mutanen Kafanchan sun san shi da ɗaukar waƙa. Ɗaki ɗaya ne gare shi a bayan gidansa, ya liƙe bangon da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu, kuma nan ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar mata daga Gidan Waya har Fadan Kagoma suke zuwa yin kaset. Yana kuma koyar da aikin, da wata doka da ta kori mutane da yawa. Duk wanda ya zo koyon na'ura sai ya fara shiga ƙungiyar mawaƙa, ya koyi jita ko ganga, ya zauna cikin matan zumunta har ya iya buga tulu. Damina kan wuce bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Na sha yi masa tsiya, in ce, "Yaya, injiniya kake horarwa ko makaɗa?" Sai ya yi dariya ya ce wanda bai taɓa yin waƙa ba, ina zai san abin da mai waƙa yake nema?

Yau situdiyo ta cika gari. Na tabbata da yana raye da ya fi kowa zumuɗin kwamfuta, don mutum ne mai kwaɗayin sabon kaya, ga shi ya gaji da juya kaset da biro. Yaran yanzu sun san abubuwan da bai taɓa mafarkinsu ba. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai wanda zai yarda da dokarsa. Waɗanda ya yaye sun watse, wasu Jos, wasu Abuja, ɗaya ya koma noman citta. Babu wanda yake koyarwa.

Ban san girman wannan rashi ba sai bara. Muna da gwaggo, Mama Saratu, ƙanwar mahaifinmu, ta haura tamanin. A bakinta kaɗai wasu waƙoƙin yabo na harshen Jaba suka rage, waɗanda masu bi na farko suka ɗora a kan karin waƙoƙin gayya. Istifanus ya yi ta cewa zai ɗauke su duka, yana ta ɗagawa don tana gida, har Ubangiji ya kira shi. Da na ga ƙirjinta ya fara ciwo, na ɗauko ta zuwa Kafanchan, wurin wani mai situdiyo, Dogara, mutum mai ladabi da ya yi kwas ɗin na'ura a birni. Mama ta zauna da safe ta yi ta rerawa har tari ya tsayar da ita. Ta ba da duk abin da ya rage mata.

Da na koma karɓar aikin, Dogara yana ta murna. Ya ce mini, "Mama, na sha aiki fa. Muryan Kaka baya zama a kan kibod, yana zamewa, na miƙe shi. Inda yana ja da baya kuma na sa shi ya bi kiɗi." Zamewar nan ita ce waƙar. Jan nan da baya kuwa, wurin ne manomi yake ɗaga garma kafin ya sara. Wanda ya taɓa zama cikin masu rerawa ba sai an gaya masa ba. Na ce ya ba ni na asalin. Ya sunkuyar da kai ya ce ya goge, don duk tari ne da numfashi, kuma wuri ya yi masa kaɗan a kwamfuta. Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Abin da aka koya masa ya yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi.

Na kai wa Mama waƙar a waya. Ta kasa kunne har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "Rifkatu, wannan yarinya ɗiyan wanene? Muryan shi da daɗi, amma bai iya waƙan ba. Kawo mani shi in koya mashi."

Na ce to.

Idan na auna abin da ya rage na yayana, ba shi da yawa, kuma wannan yana ci mini rai. Ɗakinsa ya zama wurin ajiye citta. Kaset-kaset ɗinsa suna nan, wasu sun yi fumfuna. Akwai tsofaffin mata da har yanzu suke cewa shi kaɗai ya ɗauke su yadda suke. Ni malamar makaranta ce mai ritaya, ban iya na'ura ba, ban iya waƙa ba, ban kuma san ƙofar da zan ƙwanƙwasa a dawo da irin koyarwarsa ba.

Mama yanzu ba ta iya kai baiti ɗaya ƙarshe. Ban gaya mata gaskiya ba. Duk ranar da na je Kwoi sai ta tambaye ni yaushe zan kawo yarinyar, tana cewa in yi sauri.