Tabon Aidin a Kujerar Mai Soso

Mai Soso ya tsufa yana fitar da tabo daga kujerun fata da rigunan mutane, kuma sana'ar ta bar masa hali guda: ba ya yarda da bakin kowa. In aka ce masa shayi ne ya zube, sai ya durƙusa ya shinshina, ya ce, "Maganin tari dai." Hannunsa kuwa akwai laushi. Ba ya dirza fata, dangwala mata auduga yake yi a hankali har tabon ya biyo audugar.

Wata safiya ya ga tabo ruwan ƙasa a hannun kujerarsa ta gida. An ma dirje shi da sabulu har fatar ta koɗe.

"Innar yara, mene ne wannan?"

"Shayi ne, Malam," in ji matarsa, ba ta ko ɗago kai ba.

Shayi! Shi za a gaya wa shayi? Aidin ne, na wanke ciwo. Su biyu kaɗai ne a gidan, kuma shi lafiyarsa ƙalau. Nan take zuciyarsa ta tafi kan ƙanenta, wanda ya hana shiga gidan tun da suka yi faɗa. Wato shi take shigowa da shi tana jinya a ɓoye! Ya fara ƙirga kofuna, yana duba sawun takalmi a bakin ƙofa. Da ya tsinci irin tabon a gefen zaninta, sai ya ce magana ta ƙare.

Rannan ya bar aiki da rana tsaka, ya lallaɓo ya tura ƙofa. Ba ƙane, ba baƙo. Ita ce zaune, ta ɗora ƙafa a hannun kujerar, kwalbar aidin a cinyarta. A ƙwaurinta akwai gyambo mai faɗin tafin hannu, gefensa har ya fara baƙi.

Tsoro ya kama shi, kunya ta rufe shi.

"Tun yaushe?"

"Ya jima. In na je asibiti yanke ta za su yi, kamar ta mahaifiyata."

Ya durƙusa ya karɓi audugar hannunta, ya shiga dangwala wa ciwon a hankali.

"Ɗauko mayafinki, yanzu za mu tafi."

"Kujerarka fa, Malam? Na ɓata ta."

"Wace kujera?" in ji shi.