Gilasan Habibu da Na Wanke

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, kuma har yau in na zo wucewa ta wajen masu sayar da ƙaro a kasuwar Daura sai na kawar da kai.

Malamin jami'a ne, ni kuwa ko sakandare ban gama ba. Amma duk hutun da ya zo gida ni yake samu da bayanin aikinsa, ina tsinkar zogale yana ta zuba. Ya ce a cikin kowace waya da rediyo akwai wasu 'yan mitsi-mitsin makunnai, tiransisto, masu buɗe wa wuta hanya su rufe. Shi so yake a yi su da wata irin roba mai lanƙwasuwa. Inda aikin ya cije masa shi ne shamakin da ake shimfiɗawa a ciki don ya tare wuta. In shamakin ba shi da kyau, wutar sai ta riƙa yoyo, abin ya yi ta cin batir a banza. Na ce, "To duk bokon nan, ashe mai toshe yoyo ne kai?" Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Wallahi Yaya, kin fi wasu ɗalibaina ganewa."

Shamakin da ya ƙwallafa wa rai na ƙaro ne, wannan dai da ake sa wa tawadar allo. Ya ce yana tare wuta sosai, illarsa ɗaya: shan danshi. Don haka ya yi ta yawo a kan babur, Dutsi, Mai'adua, Babban Mutum, yana karɓo ƙaron itatuwa daban-daban. Ya haɗa kowanne da magungunansa a makaranta, ya shafa a kan 'yan gilasai kamar faɗin yatsa biyu. Ya kawo su gida ya jera a faranti a bakin tagar ɗakinsa, wai su sha damina a buɗe ya ga wanda zai jure. A bayan kowane gilashi ya rubuta garin da ƙaron ya fito, da tawadar allon Babanmu.

Damina ba ta ƙare ba ya kwanta. Kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa.

Ana gobe sadakar bakwai aka ce a gyara ɗakinsa, baƙi za su sauka. Ni na shiga. Na ga faranti da gilasai duk sun yi danƙo, ƙura ta manne musu. Na san na aikinsa ne, shi ya sa ma na ce ba zan bari baƙi su ga kayan Habibu da datti ba. Na samo ruwan ɗumi da sabulu da soso na wanke su ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina gogewa, har suka yi ƙal. Na naɗe su a sabon ƙyalle na ajiye.

Bayan arba'in abokiyar aikinsa, Malama Rakiya, ta zo ta'aziyya. Ta ce kafin ya kwanta ya kira ta yana murna, ya ce ɗaya daga ciki ya ƙi shan ruwa, sai sun haɗu zai nuna mata. Na tashi da saurina na ɗauko ƙyallen na miƙa mata. Ta buɗe, ta ɗaga ɗaya ta duba gaba ta duba baya, ta ɗaga na biyu. Sannan ta ce, "Yaya, wa ya wanke?" Na ce ni ce. Ta ce, "Allah ya saka da alheri," hawaye na zubo mata. Sai a lokacin na gane ƙaron da sunayen garuruwan duka na wanke.

Littafinsa na da awon haɗin, amma ba garuruwan. Damina biyu Malama Rakiya tana gwadawa da ƙaron kasuwa, bai yi ba, ta haƙura ta koma wani aikin. Ban ga laifinta ba.

Yanzu ga shi har wayoyi masu naɗewa kamar takarda sun shigo gari. Nakan ce da yana nan, murna zai yi ko takaici? Ina jin murna zai yi, don Habibu ba ya hassada. Wataƙila ma can wasu sun daɗe da gano abin da ya fi nasa. Ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Abin da ke ci mini rai shi ne ya samu, da hannunsa, a garin nan, kuma ba wanda zai taɓa sanin ko itacen wane gari ne. 'Ya'yansa sun girma, suna da kirkinsa da irin dariyarsa. Wannan ya rage, na gode wa Allah. Amma in suka tambaye ni me babansu ya gano, sai in ce yana cikin bincike ajali ya riske shi.

Bara na kasa jurewa, na je wurin malamin unguwarmu na kwashe labarin duka na faɗa masa. Na ce ya gaya mini abin da ke kaina, azumi ne ko ciyarwa, ko nawa ne zan yi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Hajiya, da kyakkyawar niyya kika yi. Ba ki da laifi, babu kaffara a kanki."

Na yi godiya na taso. Ni kuwa kaffarar na je nema.