Hukuncin Surukina a Kan Mota Marar Rufi

Bayan shekaru ina karatu ina koyarwa, na kai ga matsaya guda wadda ba na jin zan janye: tun da ɗan Adam ya fara ƙira, bai taɓa tafka kuskure irin na ranar da ya yi wa mota rufi ba. Allah ya ɗaga sama ya ƙawata ta, mu kuma muka samo kwano muka kife a kanmu, muka ce ci gaba ne.

Ba a jami'a na samo wannan aƙida ba. Ina firamare a Zariya, akwai wani likita mai jar mota buɗaɗɗiya da kan wuce ta bakin makarantarmu, iska na wasa da kwat ɗinsa. Daga nan duk motar karan da na ƙera a buɗe nake barinta, abokaina na cewa ƙyuya ce. Na girma, na yi aure, aikin koyarwa ya kawo ni Madina, furfura ta fara leƙowa, sannan na ci karo da tawa: a bayan wani gida a unguwar Jurf, lulluɓe da tamfol, kyanwa ta haihu a kujerar baya. Ƙirar Jamus ce, ruwan madara, ta girme ni da kaɗan. Da muka gama ciniki, tsohon da ke da ita ya rungume ni har da ƙwalla. A lokacin na ɗauka karamcin mutanen Madina ne.

Ba zan iya kwatanta daɗin da na sha ba. Ranakun hutu ina kwance ƙarƙashinta a ƙofar gidanmu a unguwar Harra, ko ina warsha, wato gareji, muna musu da bakanike kan kafireta. Na koyi wanke fulogi, na koyi shafa wa kujerun fata mai don kada rana ta tsage su, na san tarinta na safe da tarinta na rashin lafiya. Gaskiya ne da zafi ba a buɗe rufin, don sitiyarin kan zama kamar kaskon tuya, kuma ba a rufe shi, don ba ta da mukayyif, wato na'urar sanyaya iska. Amma idan sanyi ya shigo, 'yan makonnin nan sukan biya ni shekarar duka.

Maiɗakina sau ɗaya ta shiga. Ta fito riƙe da mayafinta da hannu biyu, tun ranar take kiranta baho. 'Ya'yanmu mata kuwa, in na ce zan kai su makaranta, da Larabci suke ba ni amsa, kalma ɗaya: fashla, wato abin kunya. Na jure duk wannan, har shekarar da mahaifinta ya zo Umra.

“Malam, na gaji,” ta ce. “Zan kai ƙarar bahon nan wajen Baba. In ya ce a sayar, shi ke nan, an sayar.”

Surukina tsohon alƙali ne da ya yi ritaya. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle in ja da maganarsa. In ya ce a sayar, ko jaki nake hawa sai na sauka.

Sai na yi abin da malamin jami'a kan yi in ya tsorata: na koma ga littattafai. Na tono mas'alar da malaman Malikiyya suka tattauna, kan ko mai harami zai shiga inuwar abin hawansa. Na durƙusa gabansa bayan la'asar, kaina a ƙasa, na jero maganganun malamai, na ƙare da cewa wanda ke son fita daga saɓani, babu motar da ta dace ya ɗauki harami a cikinta duk faɗin Madina sai tawa.

Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

“Dakta, ka yi karatu,” ya ce. “Amma mutanen nan a kan raƙumi suke magana. Ni kuma 'yar nan ta riga ta yankar mini tikitin jirgin ƙasa na tafiya Umrar.”

Na ji maiɗakina ta yi tari daga kicin.

“Sai dai alƙali ba ya hukunci bai ga abin da ake ƙara a kai ba. Gobe Asabar. Ka kai ni masallacin Ƙuba a ciki.”

Safiyar ta zo da lumshi da iska mai sanyi. Na naɗe rufin, na buɗe masa ƙofa, na yi bisimilla a ɓoye, ta kuwa tashi bugu ɗaya, abin da ba ta saba ba. Muka bar baƙaƙen duwatsun Harra muka miƙa kudu. Da farko ya zauna ƙam, hannu ɗaya a kan hula. Da muka fara ratsa gonakin dabino, sai na ga ya ɗaga kai yana kallon ganyen na wucewa ta samanmu.

“Dakta, iyakar gudunta ke nan?”

“A'a, Baba.”

“To, me kake jira?”

Na taka. Dattijon da ɓarayin shanu ke rawar jiki in sun ji sunansa ya fashe da dariya, yana ɗaga wa mutanen cikin bas hannu.

Mun yi sallah mun fito, sai ruwa ya sauko. Na ja rufin, ya zo rabi ya tsaya, ba gaba ba baya. Na kunna abin share gilashi, ɓangaren Baba kawai ya motsa. Shi kuwa ya cire hula ya tara kansa, yana hamdala, kamar sauran mutanen garin da suka firfito suna murna. Daf da wata gona injin ya mutu. Masu gonar suka turo mu, Baba na zaune a ciki yana sa musu albarka, ruwa ya kai masa idon sawu. Giyar baya ta ƙi shiga, ƙofarsa ta ƙi buɗuwa daga ciki. Baba dai kallo kawai yake yana murmushi.

Da azahar, bayan ya sake kaya ya sha shayi, ya kira mu.

“Ba za a sayar da motar nan ba,” ya ce.

Na ji kamar in tashi in yi guɗa. Ga shi shari'a ta tabbatar da abin da na sani tun ina firamare.

“Haba Baba!” in ji maiɗakina. “Ruwa fa ya yi maka duka!”

“Ke, saurara. Musulmi ba ya sayar da kaya sai ya bayyana aibinsa. In mijinki ya ɓoye, ya ci haram. In ya tsaya bayyanawa kuma, mai sayen zai rasa azahar da la'asar. A bar masa abinsa.”

Motar tana nan a ƙofar gida. Har yau babu wanda ya taya.