Layi Na Ɗaya

Kunne ake ce wa yayana, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tun muna yara yake da wannan fitinar. Ana cikin cin abinci sai ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, wai tayar keken Baba tana sacewa. A je a duba, a tarar haka ne. Ni dai haushi yake ba ni, don ba ka isa ka yi gulmarsa ba ko da ɗaki biyu ne a tsakaninku.

Da ya girma sai kunnen ya zama sana'a. Ya kama wani ɗan ɗaki a bayan shagon masu gyaran firiji, ya lulluɓe bangon da soson katifa, ya raba shi gida biyu da gilashi a tsakani. Nan yake ɗaukar murya: masu tallar magani, masu waƙa, masu wa'azi, da 'yan wasan kwaikwayon rediyo. Kayan aikinsa duk ya sha sauya su, ban da guda ɗaya, wani baƙin akwatin ƙarfe da bai wuce faɗin tire ba. Aikin akwatin shi ne ya karɓi muryar da makirufo ya ɗauko, wadda take fitowa siririya, ya ƙara mata ƙarfi kafin ta shiga kwamfuta. Layi biyu gare shi, kowane layi da makirufonsa, da abin murɗawarsa, da 'yan fitilu biyu. Kore ya kama, murya tana shiga. Ja ya kama, ƙarfi ya yi yawa, murya za ta fashe. Har yaran gidansa sun haddace wannan, in an tambaye su lafiya sai su ce kore ne.

Yana da dokoki a kan akwatin nan kamar shi ya haife shi. Layi na ɗaya na babba ne. In malami da ɗalibi suka zo, malami ne a ɗaya. In mawaƙi da ɗan amshi ne, mawaƙi. Kuma ya haɗa hedifon ɗinsa yadda layi na ɗaya zai zo masa a kunnen hagu, na biyu a kunnen dama, don ya riƙa jin kowa dabam. Daga nan matarsa ta samo suna. Tun tana amarya yake ce mata Ta Ɗaya, ita kuma ta ce masa Malam, ta harare shi, amma kowa ya san tana jin daɗin sunan.

To, kunnen hagun ne ya mutu. A hankali ya tafi, kamar batirin rediyo. Ni na gane ne ranar da na kai masa abinci ɗakin aiki, na tsaya ta hagunsa na yi sallama har na gaji, mutumin da yake jin tafiyar ƙadangare a kan rufi. Da na tsare shi, sai ya kama hannuna ya ce, "Ƙanwata, don girman Allah ki rufa mini asiri. Wa zai kawo aiki wurin Kunne kurma?" Na ce to matarka fa? Ya ce ita ce ma ba ya so ta sani. Na ce masa wannan wauta ce, da bakina na faɗa masa, ya yi kamar da kunnen hagun na yi maganar.

Dabarar da ya samo ita ce juya hedifon. In an fara ɗauka, sai ya saurari layi na biyu da kunnen dama, can ya cire hedifon ɗin kamar zai gyara hula, ya mayar da shi a juye, ya saurari na ɗaya da wannan kunnen dai. Da haka ya ci gaba da aiki shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki.

Ana haka muryar matar Yaya ta fara dishewa. Mun ɗauka mura ce, aka sha zuma, aka sha citta, abu ya ƙi. Da aka je asibiti likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma in ana son ranta sai an cire inda murya take fitowa gaba ɗaya. Za ta rayu in Allah ya so, amma ba za ta ƙara magana ba. Matar da in tana ba da labari a tsakar gida maƙwabta suke leƙowa ta katanga. Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo, ita ce ma take ba ni haƙuri da 'yar muryar da ta rage.

'Yarsu tana da tsohon ciki a lokacin, jikan fari. Ana jibi za a kwantar da matar Yaya a asibiti, sai ta ce, "Malam, ka ɗauki muryar duniya kaf, tawa ce kawai ba ka taɓa ɗauka ba. Ina so abin da ke cikin 'yarmu ya san kakarsa ta taɓa magana." Ta kafa sharaɗi biyu. Shi ma ya zauna a gaban makirufo, don muryarsa ta kasance kusa da tata. Sannan kada ya sake kunna abin sai an gama aikin asibiti, don akwai maganar da za ta yi masa wadda take jin kunya.

Ni na raka su da hantsi. Ya shigar da akwatin ɗakin ciki ya ɗora a teburi tsakaninsu, ya danna ɗauka a kwamfutar da ke ɗakin waje, ya ce in zauna nan kada in taɓa komai. Ita kuwa tana shiga ta wuce kai tsaye ta zauna a gaban makirufon layi na ɗaya. Ina za ta zauna da? Na ga ya ɗan tsaya, ya dubi kujerar, ya dubi akwatin. Ya rufe ƙofa, ya sa hedifon. Da yake muryarta ta yi ƙasa sosai, ya murɗe ƙarfin layinta har ƙarshe. Kore ya kama.

Ta cikin gilashi nake kallonsu, ba na jin komai. Tana magana, tana share ido da bakin mayafi, wani lokaci ta yi dariya ta dafe wuya. Shi kuma yana gyaɗa kai. Ina ta jiran ya gyara hular nan tasa, bai gyara ba. Hannunsa ya tashi sau ɗaya har ya kai kan hedifon ɗin, ta ɗago ido ta dube shi, ya mayar da hannun kan teburi. Akwai jan tef da ya manna a ɓangaren dama na hedifon, ita ta yanko masa shi da almakashinta, in ya juya za ta gani. Don haka ya zauna a gabanta, muryarta tana tafiya kunnen da ya mutu, ɗayan kunnen a toshe da nasa numfashin, yana kallon leɓenta da koren fitila. Sun daɗe a ciki, har masu firiji suka tafi cin abinci suka dawo.

Aikin asibiti ya yi kyau, in ana kiran wannan kyau. Ta dawo gida da ƙyalle a wuya, tana nuna ruwa da yatsa in tana jin ƙishi. Gidan ya yi tsit, har kajin kamar sun san an yi rashi.

Ranar da ya ce zai saurara, ya roƙe ni in zo, wai ba zai iya shi kaɗai ba. Ya sa hedifon a juye, ya buɗe layi na ɗaya. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya cire, ya mayar da sautin kan lasifika don in ji. Babu komai sai ƙugi, mai kauri, kamar an kunna injin niƙa a bayan bango. Ya matsa gaba, ƙugi. Ya je tsakiya, ya je ƙarshe, duk ƙugi. Ya tashi ya zare wayar makirufon ya kwance bakinta, sai ga zare ɗaya ya saki a ciki. Wayar ba ta kawo murya ba ko kaɗan, ƙugin wuta ta kwaso, shi kuma ya murɗe masa ƙarfi har ƙarshe. Ƙugin ne ya kunna koren fitilar. Da ya juya hedifon sau ɗaya tak, da ya ji tun kafin ta gama sallama, ya sauya waya, don ga wayoyi nan rataye a ƙusa kamar igiyar shanya.

Wallahi na so in zage shi. Bakina ya cika taf. Amma na dubi dattijon nan riƙe da guntun waya a hannu, sai tausayi ya danne haushin.

Ya buɗe layi na biyu, nasa. Wannan ya fito tar, tsaf kamar a rediyo. Numfashinsa, da ƙarar kujera, da muryarsa jefi-jefi: "Haka ne." Shiru. "Haka ne." Shiru. "Allah sarki." A cikin shirun nan, can nesa, akwai wani abu kamar ana magana a ƙasan rijiya. Muryarta ce ta tsallaka teburi ta ɗan taɓa makirufonsa. Ya kwana biyu yana fama da ita, yana ƙara ƙarfi, yana tacewa, amma duk abin da ya ɗaga ta sai ya ɗaga numfashinsa ya binne ta. Abin da ta faɗa wa jikanta ya tafi. Maganar da take jin kunya ma ta tafi, har yau bai san mece ce ba.

Wuri ɗaya ne kawai ya fita, kusa da farko, inda ta sunkuyo ta matso kusa da shi. Ya kira ni ya kunna mini, ya juya mini baya. Muryar a dishe take, amma tata ce, da wannan 'yar tsokanar da take yi masa.

"Malam, juya abin kunnen mana. Na daɗe da sanin na hagun ba ya ji. Me kake tsammani ya sa kullum nake zama ta damanka?"

Sai muryar yayana, tar, cike da natsuwa: "Haka ne."

An haifi jikan, mace ce, yanzu har tana gudu a tsakar gida. Yaya ya sayar da kayan ɗakin, akwatin kawai ya kawo gida, yana kan kabad an rufe shi da tawul. Da yamma in na je nakan same su zaune a tabarma, ita ta damansa kamar kullum, shi yana ta yi mata hira yana kallon bakinta. Yarinyar ta taɓa tambayarsa yaya muryar Kaka take. Abin da yake da shi ke nan, shi ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "To Kaka, me ya sa bai juya ba?"