Hancin Inna da Tafarnuwar Baba

Shekarar da likita a Sakkwato ya ce kitse ya yi wa Baba yawa a jini, ni na raka shi, don ni ce 'yar fari, kuma duk gidanmu an san bakina ba ya mutuwa a gaban kowa. Likitan ya ce kitsen nan, da suke kira kolestarol, shi ke taruwa a hanyoyin jini har ya matse su, zuciya ta riƙa wahala. Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana man shanu da kakide da naman da ke ɗiga. Na tambaye shi batun tafarnuwa, tunda kowa a gari ita yake ambata. Ya ce tana iya ɗan taimakawa, amma kada a kuskura a ajiye magani saboda ita.

Baba ya saurara kamar mutumin kirki. Muna fitowa ya tsaya wurin mai balangu.

A garin Isa nake aure, nan nake koyarwa a firamare, iyayena kuwa suna Sabon Birni. Ba nisa ba ne, sai dai a shekarun nan hanya ba kullum take biyuwa ba. Duk ranar da ta lafa nakan zo in tarar da rigima iri ɗaya. Ƙwayoyin dai yana sha, da mita. Man shanu Inna ta ɓoye shi. Tafarnuwa ce ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai ci ba.

Ba ƙinta yake ba. Baba mutumin sahun gaba ne. Tun kafin a haife ni yake tsayawa dama da liman a masallacin unguwarmu, har tabarmar wurin ta san gwiwarsa. Kowa kuma ya san wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ba ya shiga jam'i ya cutar da mutane da wari.

“In ci wagga aba, in koma salla cikin ɗaki awa mace?” in ji shi. “Ku bar ni da kitsena.”

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce masa zuciya guda gare shi, ba a sayen wata a kasuwar Bafarawa. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Tsoro nake ji, shi ya sa nake ihu, kuma na san ya sani.

Inna kuwa dabara ta shiga nema. Akwai wata Bayarba maƙwabciyarmu mai sayar da robobi, wadda ita da Baba ba sa haɗuwa sai sun yi wasan Gobirawa da Yarbawa, shi ya ce baiwarsa ce, ita ta ce kakanta ne ya yi masa zanen fuska don kada ya ɓace. Ita ta gaya wa Inna yadda ake tsima tafarnuwa cikin zuma har zafinta ya mutu. Inna ta aika ƙauyen Tozai wurin wani mai amya aka kawo zuma farar saƙa. Ta zauna gindin darbejiya ta ɓare tafarnuwa ƙwaya ƙwaya har yatsunta suka yi zafi, ta cika kwalba, ta tsiyaya zuma ta rufe su. Kullum da safe sai ta sassauta murfin, iska ta fita da ɗan huci, ta juya kwalbar ta mayar bayan randa. Zumar ta tsinke ta yi ruwa, kumfa ya taso, ƙwayoyin suka rine suka koma kalar dabino. Damina ta kusa ƙarewa kafin ta ce ta yi.

Dabarar lokacin ma tata ce. Ta ce ya ci bayan ya dawo daga asuba, tunda cikin yini daga nan zuwa azahar ne tazarar salla ta fi tsawo. Ya tauna kanumfari, ya yi aswaki. Baba ya juya ƙwayar a cokali, ya ce to wa zai tabbatar masa warin ya tafi, tunda mutum ba ya jin warin bakinsa?

“Ni,” in ji Inna.

Sai wanda ya san iyayena zai gane nauyin wannan kalma. Na girma ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Ba ta kiran sunansa, sai Malam. Ni ma da nake 'yar fari ba ta kiran nawa, sai “ke wagga”. In za ta miƙa masa ruwa, ajiyewa take a gabansa ta ja baya. Yanzu ga shi kullum, kafin kiran azahar, dattijo mai furfura zai tsaya bakin madafa, ya waiwaya ya ga ko jikoki na kallo, ya sunkuya ya huro numfashi a fuskar matarsa. Ita kuma ta rufe ido, ta shaƙa, ta ce, “Tahi.” Ranar da na fara gani na shige ɗaki na toshe baki da gyale, ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Da aka sake awo bayan wasu watanni, kitsen ya ɗan sauka. Baba ya ce tafarnuwa ce, likita ya ce ƙwayoyi ne da barin man shanu, Bayarbar ta ce albarkacin uwargijiyarsa ne. Ni dai ban damu da wanda ya ci gari ba. Abin da ya dame ni shi ne likitan ya ce in ƙirji ya fara nauyi ko numfashi ya gaza, a zo da shi ba tare da jira ba, Baba kuwa ya rantse shi da asibiti sai dai ya je dubiya.

Wata rana a bazara ina gida. Irin zafin nan ne da kaji ke buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Tun hantsi Baba yake zaune a zaure, bai taɓa furarsa ba, gumi na tsiyaya daga hularsa. Na tambaye shi, ya ce lafiya lau, zafi ne. Da lokaci ya yi ya miƙe a hankali, ya dafa bango, ya zo bakin madafa ya sunkuya. Inna ta shaƙa, ta daɗe ba ta buɗe ido ba.

“Yau a gida, Malam.”

Ni na zuba masa ruwan alwala, kusa da shi nake ƙwarai, kuma ban ji komai ba sai kanumfari. Har na buɗe baki in faɗa, Inna ta yi mini kallon da ya mayar da maganar cikina. Da ta shiga ɗauko tabarma, Baba ya ce mini ƙasa ƙasa, yana shafar kai:

“Ki bar kaza cikin gashinta, ɗiyata. Uwarki ba ta taɓa ce min akwai wari ba. Tahi taka cewa, ko zamna. In nic ce ban iya zuwa masallaci, na zama majinyaci, gari duk shi ji. In ita tac ce, to tahwarnuwa ta.”

Sai a lokacin na gane ba warin take saurara ba. Numfashin take aunawa, tsawonsa da nauyinsa, kullum, a fuskarta. Na ji kunyar duk ihun da na yi ta yi, na kuma ji ina son su ƙwarai.

Ta shimfiɗa tabarma biyu a inuwar ɗaki, tasa gaba, tata baya. Na tsaya kusa da ita. Daga masallaci muna jin an tayar da iƙama, wani ya tsaya a gurbinsa. Baba ya yi raka'ar farko a tsaye, sauran a zaune, kabbararsa na fita guntu guntu.

Da ya yi sallama bai juyo ba. Carbi na hannunsa, ba ya ja. Can ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba:

“A nemo mota. Za ni ganin likitan nan.”

Inna tana naɗe tabarmarta, ba ta ɗago kai ba.

“Tana ƙohwar gida, Malam. Tun da sahe na aika.”