Mazi Ozoemena Ya Koma Bencin Baya

A ƙauyenmu na gefen Nsukka, duk wanda ya iya waƙa a coci, Mazi Ozoemena ne ya koya masa. Ni ma ta hannunsa na bi, kuma har yau ban yafe masa cewa da ya yi muryata kamar ta akuyar da ta maƙale a shinge ba. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara. Aboki ba shi da shi, 'ya'yansa kuwa duk suna Legas da Fatakwal, sai gaisuwar waya.

Yana da wata al'ada. Ba ya kawo mana waƙa sai ya gwada ta a kan matarsa Akuabata tana tuyar garin rogo. In ta kama amshi kafin ta sauke kasko, waƙa ta yi. In ba ta kama ba, ko mu ba za mu ji ta ba.

Sai tsufa ya taɓa mata kai. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta hanyar rafi, shi kansa ta koma kiransa "bawan Allah". Abu ɗaya ya rage mata, tsohuwar waƙar shiga coci da aka rera ranar aurensu. Da mun ɗauko ta ran Lahadi sai ta amsa, kuma kafin mu ƙare ta hango shi a gaba ta ce, "Ozo." Da wannan kiran yake kai mako.

Ana nan sai limamin cocinmu, Fada Obidike, ya dawo daga taro da umarni: tsohon sunan Allah na Ibrananci ya fi ƙarfin baki, a cire shi daga waƙoƙi, a sa "Ubangiji".

"Baba, ba mai iya aikin nan sai kai," in ji Fada.

"Fada, ka ɗauka ƙaya ce za a zare daga kifi? Ka taɓa kalma ɗaya, baitin duka ya zube."

"Ai shi ya sa na zo wurinka."

Mazi ya karɓa, don duk faɗansa ba ya ja da coci. Ya yi ta fama shi kaɗai a ƙarƙashin bishiyar manja. Waƙar Akuabata ya bar ta ƙarshe, saboda sunan yana tsakiyar amshi, dole ya sake amshin ɗungurungum. Gaskiya sabon ya fi na dā daɗi. Sai dai bai gwada shi a bakin kasko ba, tunda an daɗe da daina tuya a gidan.

Ranar da muka fara rerawa, daga inda nake tsaye ina ganinta. Ta miƙe da murmushi, ta ja numfashi, ta shiga amshi da tsofaffin kalmominta. Coci duka ya bi wata hanya ya bar ta. Ta yi shiru, tana waige-waige kamar wadda ta ɓata a kasuwa, sannan ta zauna. Na ji tausayinta.

Da aka tashi Mazi ya je ya kama hannunta. Ta janye.

"Bawan Allah, don Allah ina ne cocinmu?"

A makon ya miƙa mini jagorancin mawaƙa, ni akuyar shinge. Fada ya roƙe shi ya ci gaba, ya ce a'a, kuma bai nemi a mayar da tsofaffin kalmomin ba.

Yanzu a bencin baya yake zama, kusa da ita. Idan mun kai amshin da shi ya tsara, sai ya sunkuya ya rera mata tsohon a kunne. Duk cocin shi kaɗai ne ba ya rera gyaransa. Wani lokaci ta gane shi, sau da yawa ba ta ganewa.

Lahadin da ta wuce na bi ta bayansu na ji tana cewa, "Ozo, mutanen nan ba su iya waƙa ba. Wa ya koya musu?"

Ya riƙe hannunta.

"Wani tsohon banza ne, Aku. Sake kiran sunana."

Ta dube shi, ta yi murmushin da ake yi wa baƙo.